Kyanwar Larabawa da Buhun Wayoyi

Shekarar da aka yanke layukan waya a Birnin Gwari, ni ne mai kai wayoyin unguwarmu dutse. Ba wanda ya naɗa ni. Hukuma ta ce ta rufe layukan ne don ta toshe bakin infoma, masu sanar da 'yan bindiga motsin jama'a. 'Yan bindigar dai ba su fasa komai ba, mu ne muka koma aika saƙo da ƙafa. An hana hawa babur, amma ba a hana keke ba, ni kuma ina da keke, ba ni da aikin kirki, na kuma san wani dutse a gefen daji inda sabis ɗin Jihar Neja yake ɗan leƙowa idan mutum ya hau can ƙoli.

Talata da Juma'a nake zuwa. Da hantsi mutane za su kawo wayoyinsu, kowace a ƙulle cikin leda, in zuba a buhun taki in ɗaure a bayan keke. Idan na hau dutsen sai in shimfiɗa su a rana kamar mai shanyar barkono, in jira su fara kuka ɗaya bayan ɗaya. Saƙonnin da aka ajiye su fita, na waje su shigo, in kwashe in dawo kafin la'asar.

Na kafa doka cewa a ba ni waya a buɗe, wai don in tabbatar saƙo ya tafi. Kowa ya bi, ban da Ticha, wani malamin firamare mutumin kudancin Kaduna da ke haya a bayan gidanmu. Shi a kulle yake miƙo tasa.

Na ce, "Ticha, ba ka yarda da ni ba ne?"

Ya ce, "Na yarda da kai, ɗan'uwa. Babban yatsanka ne ban sani ba."

Na ji haushi ƙwarai, domin gaskiya ya faɗa. Babu wayar da ban bincika ba a kan dutsen nan. Na san wanda ke neman aure a ɓoye, na san dattijon da ya cika wayarsa da bidiyon dambe, na san matar da ke kai ƙarar surukarta Kaduna da murya mai daɗi. Allah ya yafe mini. A lokacin sunan da na sa wa abin shi ne taimakon al'umma.

Da yamma kuma, a majalisar mai shayi, ni ne masanin ƙasashen Larabawa. Iyakar karatuna aji uku na sakandare, iyakar tafiyata Zariya, amma yayata tana aikin gida a can, wannan ya ishe ni digiri. Nakan ce, "Ai a can babu wannan iskancin na waya. Ka zagi mutum a intanet, ɗauri. Ka ɗauki hoton wani bai sani ba, ɗauri. Da irin dokarsu muke da ita, da infoma sun ƙare a garin nan." Mutane su gyaɗa kai, ni kuma in kurɓi shayi kamar ni na rubuta dokar.

Yaya ta tafi ne bayan da aka ɗauke mijinta a gona a Kakangi, bai dawo ba. Ta kwaso 'ya'yanta uku ta kawo wa Inna, mahaifiyarmu, a cikin gari, ta bi wani mai kai mata aikatau ƙasashen waje. Burinta ɗaya ne, ta gina ɗaki biyu a filin da ke cikin gidanmu, yaran su daina kwana a zaure. Lokacin da nake ba da labari ginin ya kai linta, saura rufi. Inna tana ce wa kowa 'yarta tana Makka, ko da yake garin da take, in za ta Makka sai ta hau jirgi.

A ƙasar da take an toshe kiran waya ta intanet, don haka saƙon murya take turowa wayar Inna, wani lokaci da bidiyo. Wata Talata ina kan dutse sai bidiyo ya shigo. Na buɗe kafin mai shi, kamar yadda na saba.

Ɗakin kyanwa ne. Ɗaki guda, da iyakwandishan, da ƙaramin gado mai labule, da kwanon ruwa mai feshi da kansa. Kyanwar fara ce, ta yi ƙiba har wuyanta ya ɓace, tana kwance tana kallon Yaya kamar ita ke biyanta albashi. Muryar Yaya tana cewa ƙasa-ƙasa, "Inna, ga uwar ɗakina ta biyu. Kaza take ci, amma sai an cire mata ƙashi. Ki nuna wa yara su yi dariya, kada ya wuce ɗakinki."

Na ji wannan jimla ta ƙarshe sarai. Ba zan ce iska ta ɗauke ta ba.

Ina da shafi a dandalin sada zumunta, mabiyana ba su fi cikin motar haya biyu ba, rabinsu ma 'yan majalisa ne da ba su da sabis. Na tura bidiyon zuwa wayata, na ɗora, na rubuta a sama: "Kyanwar Larabawa ta fi ciyaman ɗinku jin daɗi." Na ƙara da cewa yayata ce ta ɗauka a gidan da take aiki, na faɗi garin, don kada a ce sato shi na yi. Ka ji mai gudun sata. Na kwashe wayoyi na gangaro ina fito.

Inna da jikokinta suka kalla har sau biyar. Inna ta ce, "Wannan dabba ko azumi ba za ta iya ba."

Ran Juma'a na hau dutse, wayata ta kama rawa a hannuna ta ƙi tsayawa. Bidiyon ya zaga duniya. Hausawan Kano, na Yamai, na Kumasi, har da masu zaman can ƙasashen Larabawan, kowa yana turawa. Wani ya sa masa kiɗa. Wani ya fassara rubutuna da Larabci, don alheri. Na zauna ina karanta yabo har na manta da sauran wayoyin da ke gasuwa a rana. Sai daga baya na ɗauki ta Inna, na tarar da saƙonnin Yaya jere.

Na farko na daren Talata ne, muryarta lafiya lau, tana tambayar ko yara sun yi dariya. Na biyu na Laraba: "Inna, wata 'yar Katsina da ke aiki a layinmu ta nuna mini bidiyon nan a wayarta. Ta yaya ya fita? Ki tambayi Auta." Auta ni ne. Na uku da raɗa take magana, ana jin ƙarar famfo, alamar a banɗaki ta ɓuya: "Auta, na san kai ne ke fara ji. Ka dubi madubin da ke bayan gadon kyanwar. Ka goge abin nan, don girman Allah."

Na koma na duba. A cikin madubin, ta ƙofar da aka bari a buɗe, ga matar gidan tana wucewa, kanta babu ɗankwali, da rigar barci, tana sakace haƙori. Daƙiƙa biyu ne ko uku. Ni da na kalli bidiyon ya fi sau talatin, kyanwa kawai nake gani.

Saƙo na ƙarshe na safiyar Alhamis ne. "'Yar gidan ta gani. Mai gidan ya ce ɗaukar hoton iyalinsa a yaɗa laifi ne na kotu, akwai ɗauri, akwai tara. Za su karɓi wayar." Daga nan shiru.

Na goge nawa nan take. Amfanin da hakan ya yi daidai yake da na mutumin da ya rufe ƙofar akurki bayan kaji sun watse cikin unguwa. Na bi shafukan mutane ina roƙo su goge. Wani ya amsa mini da cewa, "Kai wa ye? Ni na fara ɗora shi." A kan dutsen nan, ni kaɗai da wayoyin mutane, na tuna duk wa'azin da na yi a majalisa. Dokar da nake yi wa kirari ta yi aiki yadda na ce tana yi, ba ta yi kuskure ko kaɗan ba. Ta samu infoma, ta bar shi a kan dutse yana shan iska, ta kama yayarsa.

Abin da na yi bayan haka ya fi na farkon muni. Na goge saƙonnin daga wayar Inna. Da na dawo ta tambaya, na ce yau sabis bai yi ƙarfi ba. Talata ta zagayo, babu komai daga Yaya, sai na lalubo wani tsohon saƙonta na watan baya, inda take gaisuwa tana cewa tana lafiya, na kunna wa Inna a matsayin sabo. Inna ta saurara, ta sa na sake kunnawa.

Ta ce, "Auta, yayarka ta yi tari a wannan wurin wancan watan."

Na ce, "Ai sanyin iyakwandishan ne, Inna, kullum cikin tari suke."

"Kuma ta sake tambayar ko akuya ta haihu? Akuyar da muka yi wa barka tun tuni?"

Na ce wataƙila mantuwa ce. Inna ta karɓi wayarta ta sa a ƙarƙashin filo, ta ce, "Je ka kira mini Ticha."

A gaban Ticha na faɗi komai, ina kallon ƙasa. Inna ba ta zage ni ba, ban kuma taɓa son zagi kamar ranar ba. Juma'ar da ta biyo Ticha ya ari keke ya bi ni dutse, yana haki yana kiran sunan Yesu a kowane hawa. Shi ya nemo 'yar Katsinan nan ta cikin masu sharhi, ya rubuta mata. Ta ce Yaya tana hannun 'yan sanda kwana shida ke nan, ana roƙon mai gidan ya janye. Ticha ya rubuta takardar ban haƙuri da Turanci, ya sa na riƙe katin shaidata a ƙirji ya ɗauke ni bidiyo ina cewa ni na yaɗa, ba da saninta ba. Wannan ne bidiyona na biyu da ya je ƙasar Larabawa. Mutum uku suka kalle shi, ban samu mabiyi ko ɗaya ba.

Ko shi ya yi aiki, ko matar gidan ce ta gaji da maganar, ban sani ba. An ce mai gidan ya yafe kotu bisa sharaɗin Yaya ta sa hannu a takardar alkawarin ba za ta ƙara ba, a kuma mayar da ita gida, kada ta sake shiga ƙasar. Bayan mako bakwai ta sauka a tashar Birnin Gwari da jaka ɗaya, babu waya, ta rame har zoben hannunta yana juyawa. A wannan makon ne aka buɗe layuka. Duk gari ana murna, wayoyi na kuka a kowane aljihu, ni kuma sana'ata ta mutu, ba wanda ya zo ta'aziyya.

Kwana huɗu da dawowarta ta sa aka shimfiɗa tabarma a cikin ginin nata mara rufi, ta kira Inna da Ticha, ta kira ni.

Ta ce, "An ce kai ne mai son dokar Larabawa a majalisa."

Na ce, "Yaya, ki yi haƙuri."

"Haƙuri na yi shi a can, da harshen da ban iya ba. Ticha, rubuta."

Ta faɗa, Ticha ya rubuta, irin takardar da aka sa ta sa wa hannu: ni wane na yi alkawarin ba zan ƙara buɗe wayar da ba tawa ba, ba zan ƙara ɗora hoton kowa ba, mutum ko dabba. Na sa hannu. Ta ce a can har da dangwale, aka shafa mini bulan wanki a babban yatsa na dangwala. Ticha ya duba yatsan ya ce yanzu ya san shi. Sannan ta miƙo hannu, na ɗora mata wayata, ta ba ni wata tsohuwar wayar Inna mai madannai, wadda ba ta san komai ba sai kira da tocila.

"A can ɗauri ne," in ji ta. "Kai ka ci sa'a, a gidanku ka yi laifi."

Yanzu Yaya tana tuyar awara a ƙofar gida, da wayata take sanar da masu saye in ta sauke. Yaran har yau a zaure suke kwana. Na sayar da keken, na kama aikin lebura wurin masu gini, duk abin da ya samu ina sayen kwanon rufi ina jinginawa a bangon ginin. Ɗaki ɗaya ya kusa samun nasa. Majalisa na rage zuwa, don da na zauna wani zai ce, "Masani, yaya dokar Larabawa ta ce a kan wannan?" Har yanzu kuma akan samu baƙon da zai nuna mini bidiyon a wayarsa, yana dariya, yana tambaya ko na taɓa gani.

Rannan ina sauke kwano na ji ƙaramar 'yarta tana tambayarta ko tana kewar can. Yaya ta juya awara a mai, ta ce ba ta kewar kowa sai kyanwar.

Na ce, "Yaya, kyanwar da ta jawo miki?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ba ita ta jawo mini ba. Shekara biyu ina gaya mata sirrina, ba ta taɓa kai shi ko'ina ba. Ɗauki kwanon nan ka matsar, yana tare wa masu saye hanya."

Na ɗauka na matsar.