Guɗar da na rangaɗa a Harlem

Wallahi ban san lokacin da guɗar ta kuɓuce min ba. Ayyururui! Zauren taro cike da mutane, kowa ya juyo yana kallona.

Mis Odessa ce sanadi, tsohuwar da nake yi wa aikin home care, wato kula da ita a gidanta, a wajen 125th Street. Ta haura casa'in. Da ƙuruciyarta mawaƙiyar jazz ce, tun zamanin da baƙar mace sai ta ƙofar kicin take shiga wurin da za ta yi waƙa. Ran Lahadi da rana aka gayyace ta za a karrama ta, ta yi waƙa ɗaya.

Na tura ta a keken guragunta har gaba. Makaɗa suka fara, ita kuwa baitin ya ɓace mata. Idonta ya kawo ruwa. Wataƙila fa ba za ta ƙara riƙe makirfo ba, a ce da kunya za ta sauka?

Mu a gida in mace ta fito fili, guɗa ake mata. Sai na kama hanci na saki guɗa.

Mis Odessa ta ce, "Hajiya, wa ya koya miki wannan?"

Na ce, "Kakata ce, Mama."

Ta ƙyalƙyale da dariya. "To kakarki 'yar jazz ce! Ƙara!"

Na ƙara. Ta cafe da muryarta tana lanƙwasawa, mai busa ya bi ta, sai ga waƙar ta dawo tiryan-tiryan. Har tsofaffi masu sanda sai da suka miƙe.

'Yata ke rubuta min wannan. Ku fa, wace tsohuwa ce taku ta cancanci guɗa tun tana ji da kunnenta?