Ranar da Na Yi Tafinta Tsakanin Yayata da 'Yarta

Na zaga ƙasashe, na ga abubuwan mamaki, na manta da yawancinsu, amma akwai wata Asabar guda da ba za ta bar raina ba sai ranar da aka sa ni a makara. Yaran yanzu ba za su gane nauyinta ba. Su kowa da talabijin ɗinsa a aljihu, ya kalli abin da ya ga dama a lokacin da ya ga dama. Mu a Zaitawa, a wancan zamani, akwatin talabijin ɗaya ko biyu ne a lungu guda, kowanne an lulluɓe shi da leshi kamar amarya, kuma a ranakun aiki ba ya buɗe baki sai bayan la'asar. Asabar da Lahadi kaɗai ake samunsa da rana.

A cikin shirye-shiryen ranar, babu kamar wanda mutanen gari suka laƙaba wa suna shirin hantsi. An fara shi ne lokacin da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula a ƙarshen shekarun saba'in. Shirin kamar kasuwa yake, babu abin da babu. A fara da girki, sai likita ya zo ya yi magana a kan ƙyanda ko zazzaɓi, sai a karanta wasiƙun masu kallo, sai a kawo mai sana'a, wata rana marini daga Ƙofar Mata da hannuwansa baƙi ƙirin, wata rana mai saƙa. Sojoji suka dawo, suka yi ta karɓa a hannun junansu. Shugabannin gidan talabijin ɗin suna zuwa suna tafiya. Hotunan akwatunan gidajenmu suka tashi daga baƙi da fari suka koma masu launi. Abu ɗaya ne bai sauya ba, wato mai gabatar da shirin. Ita kuwa 'yar yayata ce, kuma 'yar farinta.

Duk wanda ya tashi a cikin birni ya san abin da wannan yake nufi. Tun da aka yaye ta aka kai ta Shahuci wajen kakarta, can ta girma. Yaya ba ta taɓa kiran sunanta ba. Ba ta kallon idonta, ba ta cin abinci a gabanta. In zance ya biyo ta kanta, sai ta ce “waccan”, in ta so karamci ta ce “yarinyar nan”, alhali yarinyar tana da 'ya'ya a sakandare. Game da aikin talabijin kuwa, ba ta taɓa cewa madalla ba, ba ta taɓa cewa a'a ba. Abin da dai muka sani shi ne, duk Asabar da an ji kiɗan buɗe shirin, sai Yaya ta yafa mayafi ta ce za ta shiga maƙwabta aron rariya. Kowa ya ɗauka gudu take yi don kada ta ga 'yarta a akwati. Ita ma 'yar haka ta ɗauka, kuma na san abin yana mata ciwo, ko da yake ba ta faɗa.

Ni kuwa fatauci ya kai ni Kumasi da Abijan, daga baya na zauna a Hartum da Alƙahira da Jidda. Na iya Larabci da Faransanci da Turanci, ina taɓa Asantanci da Barbarci, na yi wa alhazai da 'yan kasuwa tafinta ba adadi. Tafiya ta bar mini ciwo guda, wato ba a yin zance a gabana ban kwatanta shi da wata ƙasa ba. Ko kunu aka dama, sai na faɗi yadda ake damawa a wani wuri. Har Yaya ta daina kiran sunana, ta koma ce mini “Alhaji A-Alƙahira-Kuwa”.

Bayan shekara ashirin, sojoji suka sake komawa bariki. Murna ta cika gari, amma ba ta kai ga shirin hantsi ba. Aka kawo sabon manaja, kuma 'yan siyasa suka yi wa gidan talabijin ca. Kowane kansila yana son fili ya gode wa mazaɓarsa, kowane ɗan majalisa yana son a nuna shi yana yanka ƙyalle a bakin rijiya. Wata rana da yamma 'yar yayata ta same ni a zaure, ta zauna a bakin tabarma.

“Kawu, an ba ni Asabar ɗaya,” in ji ta. “Manaja ya ce shirin ya tsufa, babu mai kallonsa sai tsofaffi. Ya ce in yi bikin cika shekara ashirin, in yi wa jama'a sallama.”

“Sallama kuma? Ba wani sassauci?”

“Ya ce in dai ya ji gari ya ɗauki zancen shirin ranar, zai sake tunani. Amma yana faɗa yana dariya.”

Nan ciwona ya motsa. Na ce, “A Alƙahira kuwa, na taɓa ganin an kawo wa wata mai gabatarwa mahaifiyarta ana tsakiyar shiri. Suka rungume juna, suka yi kuka, washegari duk gari zancen ake yi. Mu kawo Yaya ta yi alkaki. Duk birnin nan wa ya kai ta?”

Ta dube ni, ta girgiza kai. “Kawu, ka fi ni sanin 'yar'uwarka.”

“Ke dai bar ni da ita. Fitilar ɗakin shiri tana narkar da kunya. Na gani da idona a ƙasa uku.”

Wajen Yaya kuwa, ta ƙofar da na san a buɗe take na shiga. Na ce mata matan zamani sun lalata alkaki, ana kai gara da wani abu mai tauri kamar tsakuwa, ya kamata ta nuna musu na gaskiya. Ta yi tsaki, ta yarda da ni ɗari bisa ɗari. Sannan ta tambaya, “Wa zai riƙa yi mini tambaya a can?” Na ce, “Ma'aikata ne.” Ban yi ƙarya ba, amma Allah ya sani ban faɗi gaskiya ba.

Ranar Asabar muka isa da ƙullin alkamar da ta kwaɓa tun jiya, da zumarta, da kaskonta na gida, don ta ce ba ta yarda da kaskon gwamnati ba. Aka zaunar da ita gaban risho. Kai tsaye ake watsa shirin, abin da ya fita ya fita. Ni na tsaya a bayan mai ɗaukar hoto, manaja yana can bayan gilashi ya harɗe hannuwa. Aka yi kiɗan buɗewa, sai 'yar ta shigo ta zauna kusa da uwarta, ta fuskanci kyamara.

“Jama'a, yau shirinmu ya cika shekara ashirin, kuma baƙuwarmu ita ce mahaifiyata. Hajiya, barka da hantsi.”

Yaya ta ja mayafi ya rufe rabin fuskarta, ta juya kujerarta sannu a hankali har ta ba 'yarta baya.

“Hajiya, ko za ki gaya wa masu kallo abin da ake fara yi?”

Shiru. Babu abin da ake ji sai mai yana ƙara a kasko. Na taɓa shiga guguwa a jirgin ruwa tsakanin Fot Sudan da Jidda, amma ban tsorata kamar wannan lokaci ba. Na hango manaja ya dafe kai. Na ce a raina, shi ke nan, na kashe wa yarinyar nan shirinta da hannuna, kuma a gaban duk Kano.

Sai idon Yaya ya zagaya ɗakin har ya same ni. Ta nuna ni da matsami.

“Kai, Alhaji A-Alƙahira-Kuwa. Zo nan. Kai ka ƙulla, kai za ka kwance.”

Haka na fito gaban kyamara da hulata a karkace. Aka turo mini kujera, ta ce in zauna a tsakani. Sannan ta dubi kasko, ta ce, “A gaya wa mai shirin ina amsa gaisuwa.”

Na juya ga 'yar, wadda ke zaune taku ɗaya daga bakin da ya yi maganar, na ce, “Ta ce tana amsawa.”

Shekara ashirin a gaban kyamara ba banza ba ce. Nan take yarinyar ta gane hanya. Ta ce, “Kawu, a tambaye ta, me ake fara yi?”

“An ce me ake fara yi?”

“A ce mata ɓarzajjiyar alkama ake samu, ba gari mai laushi ba. A murje ta da mai, a kwaɓa da tsami.”

Na yi tafinta daga Larabci zuwa Hausa, na yi daga Faransanci zuwa Asantanci, amma ban taɓa yi daga Hausa zuwa Hausa ba sai ranar. Da na ga abin ya fara tafiya, sai na so in gwada gwaninta. Na ce, “Ta ce, 'yata abar ƙaunata, a samu alkama mai kyau…”

“Ban ce haka ba!” Yaya ta katse ni. “Duk ƙasashen da ka je haka kake ƙara wa maganar mutane gishiri? Faɗi abin da na faɗa.”

Mai ɗaukar hoto ya yi ta ƙoƙarin danne dariya har kyamara tana rawa. An gaya mini daga baya cewa a gidaje hoton ya yi ta karkarwa kamar mai jin sanyi.

Yaya ta ci gaba da naɗa alkaki tana jefawa a mai. Can sai ta ce, “A kuma gaya mata, akwai gyara. Shekarar da sojoji suka dawo, ta gaya wa mata wai in ana sauri ba sai ƙulli ya kwana ba. Ranar tana sanye da atamfa shuɗiya, ɗaurinta ya karkace. Alkakin da bai kwana ba, ba alkaki ba ne. A ce ta janye.”

Ban ma kai ga maimaitawa ba, 'yar ta ce, “Kawu, a ce mata na janye.” Da ta sake magana, muryarta ta sauya. “Amma a tambaye ta, a ina ta gani? A gida, in an fara shirin, fita take yi.”

Na juya ga Yaya. Ta daɗe tana juya alkaki guda wanda ya riga ya soyu. Sannan ta ce, ƙasa ƙasa, “A ce mata rariyar maƙwabta ta fi tamu tankaɗe.”

Ban iya fassara wannan ba. Ba a ma buƙata. Ma'aikatan ɗakin suka fashe da dariya, ita kuwa mai gabatarwa tana dariya hawaye na zuba, ba ta ko share ba. Yaya ta tsamo alkakin farko, ta tsoma shi a zuma, ta ɗora a faranti ta miƙo mini.

“A ba ta. A ce mata shekara ashirin ba wasa ba ce, Allah ya yi albarka. Kuma na ji ana cewa wai wani zai rufe shirin. A tambaye shi, in ya rufe, me zan riƙa zuwa aro ranar Asabar?”

Wannan kam na maimaita shi kalma bayan kalma, ina kallon gilashin da manaja yake.

Kafin mu iso Zaitawa labari ya riga mu. Yara suna bin motar suna ihu, “A gaya mata! A gaya mata!” Sati guda ina shiga kasuwa ana tsokanata, wani ya ce wa abokinsa, “Alhaji, a tambaye shi nawa ne albasa.” Wasiƙu suka yi ta zuwa gidan talabijin. Amma ba su ne suka yanke hukunci ba. Manajan da bakinsa ya gaya mini daga baya, yana dariya yana sosa ƙeya. Ashe shi ma ɗan fari ne. Ranar Lahadi da sassafe sai ga kawunsa a ƙofar gida da saƙo daga mahaifiyarsa: “A gaya wa wancan, in ya taɓa shirin hantsi, kada ya zo gaisuwar Juma'a.” Aka nema wa kansiloli wani lokaci.

A mota, ranar da muke komawa gida, na so in yi wa Yaya godiya. Ta ce, “Rufe mini baki. Ka kai ni gaban duniya na yi abin kunya.” Amma na ga tana murmushi ta cikin mayafi. Har Allah ya karɓi ranta ba ta kira sunan 'yar nan ba. Da aka zo raba kayan ɗakinta, aka tarar da rariya uku a bayan gado, biyu ko amfani da su ba a taɓa yi ba.

Abin da na koya ranar, ban koye shi a Alƙahira ba. Na zaci ƙauna sai an rungume, sai an faɗa da baki, don haka na gani a wasu ƙasashe. Ashe a gidanmu tana nan shekara ashirin, tana yafa mayafi duk Asabar tana shiga maƙwabta, ni da harsunana biyar ban ji abin da take faɗa ba. Kafin mutum ya auna gidansu da mudun wani gari, ya fara sanin mudun gidan.

'Yar yayata ta daɗe da yin ritaya, wasu suka gaje ta, shirin yana nan. Amma tun daga wannan Asabar kujeru uku ake jerawa a ɗakin, ba biyu ba. Duk dattijon da kunya ta hana shi magana da wanda ke gabansa, uwa ce da ɗan fari ko suruka da surukinta, sai a zaunar da wani a ta tsakiya. Ma'aikatan gidan suna kiranta kujerar kawu, kuma yawancinsu ba su san ko wane kawu ba ne. Ni kuma daga ranar na daina cewa “a Alƙahira kuwa”.