Hanyar da Ta Zagaye Tsibiri

Shekara huɗu na yi ina tuƙa wani Bature mai duba gonakin auduga, daga Funtuwa zuwa Malumfashi, Ƙafur, Dandume, duk inda aka kafa sikeli. 'Yan shekaru bayan samun 'yancin kai aka yi masa canjin aiki zuwa wani tsibiri wai shi Fiji, can tsakiyar tekun Fasifik, inda rake ne abin nomansu.

Ran nan muna hutawa a gindin ɗorawa ya shimfiɗa taswira a kan bonet.

"Direba, ka ga jan layin nan? Hanya ce, ta zagaye tsibirin kaf. Kafin in kama aiki sai mun bi ta, ni da kai. Ka tuƙa da safe, in karɓe ka da la'asar."

"Maigida, da gaske?"

"Yaushe na taɓa yi maka wasa?"

Wata biyu ba mu da wata hira sai wannan. Shi ya zaɓi garuruwan da za mu kwana, ni kuwa na dage sai mun riƙe tayoyin safaya biyu da fambel na injin da jarkar fetur, tunda ya ce ruwa yakan cinye gada. Na tambaye shi ko akwai masallaci, ya ce akwai Indiyawa Musulmi. Na je Kaduna aka ɗauke ni hoton fasfo, aka yi mini allura hannuna ya kumbura. Gonata ta Tsiga na bar wa ƙanena.

Ya ba ni kwana uku in je in yi sallama da Inna. Ta yi kuka, ta sa mini albarka, 'yan unguwa suka rako ni har bakin titi.

Da na dawo, kukunsa kaɗai na tarar yana ɗaure tukwane.

"Ai tun shekaranjiya ya wuce Kano. Direban ofis ya kai shi filin jirgi."

Ya bar mini takarda. Na kai wa akawu ya karanta: shaida ce cewa ni direba ne mai gaskiya, ba komai bayan haka.

"Malam, ko an samu matsala da fasfona?"

Akawu ya kawar da kai. "Ba a taɓa aika takardunka ba. Suna nan cikin durowa."

Ashe duk lokacin da muke gardamar safaya Maigida ya san ba da ni zai tafi ba.

Sati uku ina Funtuwa, kowace ranar kasuwa sai in ƙi fita don kada mutanen garinmu su gan ni. Daga ƙarshe wani maƙwabcinmu ya hango ni a tasha, ya ɗaga murya.

"A'a! Har ka dawo?"

Na ce, "Na dawo."