Gaisuwar Gwaggo a Bakin Ramin Jirgi

Gwaggo ta yi mini ƙazafi, kuma ba zan rufa mata ba don ita ta raine ni. Cewa ta yi tun da na iya karatu na manta gaisuwa.

Ni da sai da na yaye ɗana na uku kafin na zauna a ajin yaƙi da jahilci, wane boko ne zai hau mini kai? Da maigida ya samu gurbin ƙaro karatu a Kuala Lumpur muka biyo shi, na ce ba zan zauna a unguwarmu ta Wangsa Maju ina kallon benaye ta taga ba. Na shiga ajin Turanci na manya a cikin gari, kullum in hau jirgin ƙasa in je in dawo.

Shi maigida a makaranta yake samun intanet. 'Yar datar da ake saka mini kuwa, yara ke cinye ta da katun. Wata Bamaliya 'yar ajinmu ce ta nuna mini cewa tashar da nake hawa idan zan koma gida, can ƙarƙashin ƙasa, tana da wayifai kyauta. Ka tsaya a dandamali ka yi kira son ranka, amma da jirgi ya ja ya shiga rami, ɗif.

Abin ya zo mini daidai. Lokacin da muke tashi daga aji, a gida hantsi bai yi ba, maƙwabciyar Gwaggo mai koko tana zaune bakin tukunyarta. Ita ke da babbar waya, ita ke miƙa wa Gwaggo idan na kira.

To, Gwaggo ba ta san gaisuwar tsaye ba. Ina kwana, ina gajiya, ya baƙunta, ya maigidan, sai yara ɗaya bayan ɗaya, sai ya kuka ji da ruwa. Idan ta kai ƙarshe ta dawo da "sannu, sannu dai", sannan ta yi shiru, ni ma in jero nawa. Babba kuwa ba a katse shi. Ni kuma dole in riga motar makarantar yara isa gida. Jirgi zai tsaya, in shiga ina "lafiya lau, Gwaggo", ƙofa ta rufe, magana ta mutu a bakinta. Ban taɓa kaiwa ga nawa layin ba.

Rannan na kira, mai koko ta ɗauka tana 'yar dariya.

"Yau dai ta ce ba za ta karɓa ba. Wai kina kashe mata waya tana cikin magana."

"Yaya, ki gaya mata ba ni ba ce. Jirgin ne ke shiga rami."

Na jiyo muryar Gwaggo daga can gefe, tar da ita: "Rami? Gafiya ta zama? A ce mata in 'yan boko sun daina gaisuwa, ni ma na yafe."

Na yi dariya a tashar, amma kafin jirgi ya fito sarari dariyar ta gudu. Matar nan ita ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyata, ita ta tsaya mini ranar da dangi suka ce uwar 'ya'ya ba ta komawa aji. Ba ni da wata uwa da ta wuce ta, kuma idan Gwaggo ta ce ta yafe abu, to ta yafe.

Da na gaya wa maigida, yana cin tuwo ya ce, "Ki tura mata saƙon murya mana. Ya gida, ya jiki, shi ke nan."

"Malam, Gwaggon za a yi wa ya gida ya jiki? So kake ta cire ni daga dangi?"

"To ki yi doguwa."

"Gaisuwa ai ba wa'azi ba ce. Sai da mai amsawa."

Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Boleh," kalmar mutanen garin da yake rufe kowace gardama da ita, wai komai mai yiwuwa ne.

Washegari na fita da wuri, tun kafin lokacin aji. Na sauka a tashar na samu benci na zauna, na gyara mayafi kamar ina gabanta. Jirage suna zuwa suna wucewa, ban ko dube su ba. Na danna wurin saƙon murya na ce, "Gwaggo, ina kwana." Na yi shiru daidai tsawon "lafiya lau" ɗinta. "Ina gajiya." Na sake shiru. Haka na bi gidan kaf, da ƙafarta mai ciwo, da mai koko, har akuyar da ke cin shanya, kowacce na bar mata gurbin amsa. Inda na san za ta ja "sannu dai" na ƙara mata fili. Sannan na tura, na rubuta wa mai koko a ƙasa da hannuna: a kunna mata idan ta gama karin kumallo, kuma kada a katse.