Ladanin da Ya Ƙi Tofar da Magani

Har gobe ina tuna ranar da Baba Ladan ya shigo ƙaramin asibitinmu, a wani ƙauye kusa da Zakirai, ya yi sallama ban ji ba. Mutumin da ake jin kiran sallarsa daga gonakin bayan gari, yau sai da na kara kunne.

Ni ma'aikacin lafiya ne na matakin farko, mu ke duba ƙananan cututtuka mu tura manya birni. Amma duk garin likita suke ce min, har na gaji da gyarawa.

"Likita, dattawan masallaci sun ce in huta a ba wani," ya ce cikin disasshiyar murya. "In na bar kiran nan, me ya rage min?"

Yana da asma, an ɗora shi kan maganin shaƙa safe da yamma. Na ce ya buɗe baki. Harshe da dasashi duk fari-fari kamar an yayyafa kindirmo, bakin a bushe. Haka maganin nan yake: wanda ya shiga huhu shi ke aiki, wanda ya maƙale a baki kuwa, in ba a wanke ba, sai ya jawo wannan farin ciwo ya dishe murya.

"Baba, kana kurkure baki in ka shaƙa?"

Ya dube ni kamar na yi saɓo. "In tofar da magani? Ko rubutu aka ba mutum, ai har ɗigon ƙarshe yake shanyewa. Ni ko ruwa ba na sha sai maganin ya zauna."

Dariya ta kusa ƙwace min. Na yi bayani har na gaji, ya ce shi dai ba zai yi almubazzaranci ba. Sai dabara ta faɗo min.

"To ruwan alwala fa, haɗiyewa kake?"

"Wane mutum."

"To daga yau ka riƙa shaƙa kafin alwalar asuba da ta magariba. Ba magani ka tofar ba, sunna ka cika."

Ya murmusa. "Yaron nan, ka kama ni."

Na ba shi maganin ɗigawa a baki, na roƙi dattawan su ɗan dakata.

Wata Juma'a ina tsaka da yi wa wani jariri allurar rigakafi, sai muryar nan ta taso garau. Uwar jaririn ta ɗago kai ta ce, "Ladan ya dawo." Wallahi ban taɓa jin daɗin aikin nan kamar ranar ba.

Ku da kuke tasowa a wannan aiki, ku sani mutanenmu ba raina magani suke ba, girmama shi suke har ya yi yawa. Ku nemo abin da mutum ba ya fashinsa, ku jingina maganin a nan. Ni dai har yau in na ji kiran magariba, na san Baba ya kurkure bakinsa.