Albasar da Aka Rufe a Ƙwarya

A Dayi na tashi, zamanin da maza ke zuwa gona da kwari da baka. In an ci tuwo da magariba mukan kewaye murhun kakata, Iya Gambo, tana kaɗin auduga muna gasa gyaɗa. Tatsuniyoyinta duk da waƙa suke, ban da guda ɗaya.

Ta wata mata ce mai 'ya'ya biyu, saurayi da ƙaramar yarinya. Saurayin yana son ɗanyar albasa a kan dambu. Wata safiya ya tafi gona, uwar ta yanka masa albasa ta rufe a ƙwarya da faifai. Bai dawo ba. Kullum sai ta buɗe ta duba, ta mayar da faifan. Zafi ya sa albasar ta tsatso ruwa, ta yi yauƙi, farinta ya dushe, tana tashin tsami. Matar ta ƙi zubarwa, don a ganinta zubarwar yarda ce cewa ya tafi ke nan. Ran nan tana bakin ƙofar gari tana duban hanya, yunwa ta kama yarinyar, ta juye albasar a kan ragowar dambu ta cinye. Amai da gudawa suka kama ta, kafin a zo da mai magani ta cika.

Nan Iya takan ajiye mazari ta dube mu. "In kun yanka albasa, ku dafa ta a ranar, ko ku baza ta a rana ta bushe ƙayau. In ta yi yauƙi ko warinta ya sake, ku zubar. Ko ɗanɗanawa kada ku yi."

Na taɓa tambayarta, "Iya, saurayin fa?"

Ta ce, "Ba a faɗa mini ba."

Sai bayan rasuwarta, ina gidan aure a Danja, gwaggona ta gaya mini cewa 'ya'yan nan biyu yayyen babana ne, matar kuwa Iya ce da kanta. Mahara ne suka kama saurayin a gona, aka sayar da shi, ba a ƙara jin labarinsa ba.

Abin da ke ci mini rai har yau shi ne, duk shekarun da ta yi tana ba mu labarin nan, ko sau ɗaya ba ta sa maharan a ciki ba. Su da suka ɗauke mata ɗa sun fita fes. Laifin duka ta ɗora wa matar, muna yara muna taya ta cewa wawuya ce, ita kuma tana gyaɗa kai.