Matar da ta zaci Agola suna ne

Kafin masu shagunan layin su gama hamma, Madam Ifunanya ta riga ta buɗe nata, ta yayyafa ruwa a bakin ƙofa, ta share tas. Shagon littattafai ne, ɗan ƙarami, a kan hanyar shiga kasuwar Zuru, tsakanin mai kayan babur da wani tela mai ɗinkin kayan makaranta. Tana gama shara sai ta jawo benci ta ajiye a inuwar rumfa, sannan ta fito da wata 'yar kanta ta katako wadda tsayinta bai wuce ƙirjin yaro ba. Duk abin da ke cikin shagon na sayarwa ne, kuma Madam ba ta wasa da ciniki, kowa ya shaida. Amma littattafan da ke kan 'yar kantar nan aro ake yi. Ka ɗauka, ka karanta, ka dawo da shi, in kuwa ka shafa masa manja ka sha faɗa.

A ƙarshen watan nan za ta miƙa wa 'yarta Munachiso makullin shagon, bayan shekara ashirin da wani abu. Gwiwoyinta sun ce sun gaji, ita kuma, abin da ba ta saba ba, ta yarda an fi ta gaskiya. Babu wanda zai shirya mata taro da lasifika, shi ya sa ya kamata a faɗi abin da ta yi tun tana ji da kunnenta. Littattafan aron nan duk maganarsu ɗaya ce: 'ya'yan riƙo, da marayun da dangi suka ɗauka, da yaran da uwa ta shiga da su gidan sabon miji. Abin kuwa daga wani kuskuren Hausa ya faro.

Lokacin da ta biyo mijinta Chukwudi daga gabas, Hausarta ba ta wuce gaisuwa da ciniki ba. Kunne take bazawa, duk kalmar da ta ji ta cafke. To, akwai wata 'yar siririyar yarinya da ke wucewa ta layin kullum da tulu ko da ƙullin niƙa, kowa kuma yana kiran ta. "Agola, zo ki ɗauke wannan." "Agola, uwarki na neman ki." Madam ta ji sunan ya yi mata daɗi a baki, har ta ce a ranta mutanen nan sun iya sa suna. Wata rana yara sun cika bakin shagon ana sayen fensir, ta hango yarinyar a can baya tana leƙe, tausayi ya kama ta, sai ta ɗaga murya.

"Agola, zo ka karɓi fensir. Kyauta ne."

Yara suka bushe da dariya. Yarinyar ta matso, ta dubi fensirin, ba ta miƙa hannu ba.

"Madam, sunana Joyce," in ji ta. Ta juya ta tafi.

Tela ne ya yi mata bayani, yana taka kekensa. Agola ba suna ba ne. Haka ake ce wa ɗan da uwa ta taho da shi gidan wani mijin, kuma ba don yabo ake faɗa ba. Uban Joyce soja ne, ya mutu a bakin aiki a wata ƙasa. Uwarta Keziah ta auri Saje Markus, tsohon soja wanda matarsa ta rasu ta bar masa 'ya'ya maza biyu. Madam ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ba kunya kaɗai ba, har da fushi, don ta gane gari guda ne ya haɗiye sunan yarinya har baƙo ba ya jin sa.

Da wata ce, da ta ba da haƙuri ta manta. Ita kuwa mai littattafai ce, sai ta tafi neman littafi. Da ta je sarin kaya Onitsha ta bi shago-shago tana tambayar ko akwai labarin yaro irin wannan. Ta samo kaɗan, na Turawa, masu hotunan karnuka da ƙanƙara. Yaran Zuru suka kalli hotuna suka ajiye, don babu mai daka a ciki, babu wanda ake ba tuwo a kwano daban. Sai ta ce to, za ta rubuta da kanta. Tana rubutawa da Hausarta ta kasuwa, Malam Lawwali mai shagon buga takardu yana gyarawa yana dariya, yana bugawa, su ɗinke da zare. Na farko na ƙananan yara ne, labarin ɗan tsako da agwagwa ta rena. Joyce ce ta fara aron sa, bayan Madam ta yi ta lallashi, ta kuma dawo neman wani. Haka ta zama 'yar bencin nan har ta kai ajin ƙarshe na firamare.

Ana cikin dogon hutu Saje Markus ya zo sayen littattafan rubutu, da takunsa na fareti.

"Saje, yara nawa ne zai koma makaranta?" Madam ta tambaye shi.

"Biyu," in ji shi. "Sai agola. Ita Dirin Daji za ta tahi, wurin ƙanwata. Tana son mai taya ta aikin gida."

"Karatu fa?"

"Ta yi na firamare. Ya isa."

Madam ta ƙulle masa kayansa. Ta san in aka buɗe makaranta Joyce tana can, shi ke nan an rufe zancen karatu. Ta kuma san Keziah ba ta da bakin magana a kan wannan, kuma Saje ba mutumin da ake yi wa wa'azi ba ne, in ka fara sai ya canza hanya. Amma shekarun da ta yi tana sayar masa da biro ba a banza ba, ta san lagonsa. Saje yana alfahari da Hausarsa ta bariki fiye da lambobin yabonsa. Ko fasto ya yi tuntuɓen harshe a kan bagadi, zai jira shi a bakin ƙofa ya gyara masa.

A makon nan ta zauna ta rubuta littafinta na farko na manya, kuma ba ta kai wa Malam Lawwali ba. Da Saje ya zo wucewa ta tare shi, ta marairaice.

"Saje, ka taimake ni. Na rubuta wani abu, amma Hausa nawa ba kyau, mutane zai yi mini dariya. Kai ne ka iya. Ka gyara mini."

Saje ya gyara tsayuwa, ya karɓi takardun, ya ce a ba shi jan biro.

Labarin wani tsohon soja ne a wani gari can, ya auri matar wani soja da ya rasu, ta zo masa da 'yar yarinya. Yarinyar ce ke goge masa takalmi, ita ke tare shi a bakin ƙofa ta karɓi jakarsa, shi kuwa bai taɓa kiran sunanta ba. A shafin ƙarshe ya sa ta a mota zuwa ƙauye, tana waiwaye, ya juya ya shige gida. Ko Saje ya gane kansa tun shafin farko, Allah ne masani. Abin da masu layin suka gani shi ne, ya dawo fuska a ɗaure, takardun sun yi jawur, ya dire su a kan teburin Madam.

"Madam, kin mai da namiji mace, kin mai da mace namiji, wanga duk na gyara. Amma ƙarshen nan ƙarya ne."

"Wane ƙarya, Saje?"

"Uban yarinyar ba soja ba ne? Ba a bakin aiki ya faɗi ba? To wane soja ne za shi ɗauki ɗiyar wanda ya faɗi, shi tura ta ƙauye wanke-wanke? Mu ko gawa ba mu bari a baya. Kin ɓata muna suna."

"To ni ban san soja ba. Me zai yi?"

"Mi za shi yi? Shi sa ta makaranta mana, tare da nashi. Shi..."

A nan maganar ta tsaya masa. Tela ya ɗaga ƙafa daga keke. Madam Ifunanya, wadda ba a taɓa jin ta bar wa kowa kalmar ƙarshe ba, ta kama bakinta ta shiga jera biro. Saje ya daɗe a tsaye yana kallon takardun, sannan ya tattara su.

"Ba ni," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Ni zan rubuta ƙarshen."

Ranar da aka koma makaranta sai ga shi, Joyce tana biye da shi cikin sababbin kayan sakandare da telan nan ya ɗinka, hannun rigar ya yi mata yawa.

"Madam," in ji Saje, yana kallon wani wuri daban, "ki ba ɗiyata abin da duk ake bukata na aji ɗaya."

Madam ta haɗa kayan tsaf, ta miƙa, ta jira suka sha kwana. Sannan ta fito tsakiyar layi ta taka rawa, babu kiɗa, tana kuka tana dariya, har mai kayan babur ya tambaya ko caca ta ci. Ƙarshen da Saje ya rubuta shi ne a littafin har yau, da kalmominsa na bariki, ba a taɓa ko harafi ba.

Daga nan abin ya bar hannunta. Malam Lawwali ya riƙa ba abokan majalisarsa, ashe su ma gidajensu cike suke da irin wannan. Matan zumuntar coci suna karantawa a taronsu. Wata mata daga Danko da ta ɗauki 'ya'yan yayarta ta taho musamman ta ce a rubuta wanda zai gaya wa nata 'ya'yan cewa ba a rage musu komai ba, aka rubuta. Na samari da 'yan mata ne ya fi wahalar da Madam, don su ba a yi musu daɗin baki. Sai da ta yarda ta sa a ciki cewa yaro yana iya kewar uban da ya mutu alhali yana son wanda ya riƙe shi, kuma ba cin amanar kowa ba ne. Wannan littafin ba ya kwana a kan kanta.

Joyce malama ce yanzu a wata makarantar firamare. Ranar aurenta coci ya cika maƙil, har dangin ubanta na haihuwa sun zo daga Kanya. Da fasto ya fara tambayar wane ne yake ba da auren wannan yarinya, mutane suka shiga satar kallon juna, don ba a san wanda zai tashi ba. Bai gama tambayar ba Saje Markus ya miƙe da sandarsa, ya ƙame, ya amsa da muryar da ta ta da jariran da ke bayan coci.

"Ni ne. Ubanta."

Ƙanin marigayin ne ya fara tafi.

Ke ce, Madam, baƙuwar da ta yi tuntuɓe da kalma ɗaya ta ƙi wucewa sai da ta duba abin da ke ƙarƙashinta. Mu da aka haifa a cikin harshen mun yi ta faɗin ta ba mu ji komai ba. Ke ce uwar benci, mai lallashin soja da jan biro. Ba ki gina gidan marayu ba, kin dai sa an buɗe wa yara ƙofar ɗakin da suke kwana a bakinsa. Mun gode. Allah ya ba gwiwoyin nan lafiya, ya sa Munachiso ta gaji faɗan da tausayin gaba ɗaya.

Mu kuma da muka rage, ba sai mun iya rubutu ba. Malami ya nemi irin waɗannan littattafai ya karanta wa ajinsa, mai shago ya ware musu gefen kanta, wanda ya iya Lelanci ko Fulatanci ya juya su. Wanda bai iya ko ɗaya ba, ya koma gida ya ƙirga yaran da ke cin tuwonsa. In aka tambaye shi su nawa ne, ya faɗi adadin a dunƙule, kada ya ƙara da "sai agola".